Kawu Labbo, Heluman Dogo a Garin da Ba Jirgi

Duk wanda ya san Kawu Labbo ya san gudumar nan tasa mai doguwar ƙota. Sauran tsofaffi sanda suke dogarawa, shi guduma. Kuma ba ya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙyauren masallaci, turken fitilar titi, ƙafar amalanke, har gadon asibiti da marar lafiya a kwance a kai. Zai ɗan buga, ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu. In ƙarar ta fito tas, sai ya wuce bai ce komai ba. In kuwa ta fito da 'yar rawa a cikinta, to, mai wannan ƙarfe ya shiga uku. Kawu zai tsaya ya bi mutanen wurin da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Wa yaɗ ɗaure wanga?"

Ku da kuka zauna da shi a Argungu kun san wannan ba tambaya ba ce, tuhuma ce. Ni kuwa na fi kowa shan ta, don ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma na yi abin da a wurinsa ya kusa kai sata muni, na zama mai walda. Shagona yana Badariya, nan Birnin Kebbi. Da wuya ka ji ya kira ni Bashiru. Sunana a bakinsa shi ne "mai liƙe-liƙe."

Ƙuruciyarsa duk a aikin reluwe ta ƙare, can wajejen Gusau da Ƙaura Namoda. Ya fara da lebura har ya zama heluma, wato shugaban masu gyaran layi. Yadda ya sha bayyana mana, ko mun so ko ba mu so ba, shi dogo, ƙarfen da jirgi ke gudu a kai, yana kwance ne bisa wasu ƙarafa da aka jera a gicciye, waɗanda 'yan reluwe ke kira silifa. Abin da ke riƙe dogon a kan silifa wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake ce wa kilif, ana danne shi da kusa da noti. Ya ce jirgi duk girmansa, da mutanen ciki da shanu da buhunan gyaɗa, a kan wannan ɗan abin da bai fi tafin hannu ba yake tafiya. In kilif ya saki, dogo ya buɗe, jirgi ya sauka ƙasa. Ya taɓa ganin haka da idonsa yana matashi. Bai taɓa ba mu labarin ba. In wani ya matsa da tambaya, sai ya tashi ya ɗauki buta.

To, mutumin da ya yi rayuwarsa a kan dogo sai ga shi ya yi ritaya ya dawo garin da ko usur ɗin jirgi ba a taɓa ji ba. Mu muka biya kuɗin wannan.

Matarsa Inna Ige ce ta fara biya. Kafin ya iso ya aiko mata da saƙo ta bakin wani direba cewa an ba shi kuɗin sallama, ya zuba su duka a gwanjon silifa, a share wuri. Inna ta yi murna har da rawa a tsakar gida. Ta ce a ƙarshe dai Malam ya yi tunani, za ta zauna a ɗaki tana sayar da takalma. Ta share ɗakin baƙi, ta gaya wa maƙwabta. Mata suka riƙa shigowa suna faɗin lambar ƙafarsu, wata ta ce a ajiye mata ja, wata ta ce na yara take so.

Ranar da ya iso, babbar mota ce ta tsaya a ƙofar gida tana nishi. Ƙarti suka hau suna sauke ƙarafa, kowanne sai mutum huɗu sun kama, ga wasu dogaye da suka leƙo ta bayan mota. Inna ta fito da mayafi, matan unguwa na biye da ita.

Ta ce, "Malam, ina silifan?"

Ya ce, "Ga su nan ana saukewa."

"Waɗanga?"

"Awo. Na ƙarhe na, Ige. Ba su tsinkewa."

Inna ta daɗe tana kallon tarin ƙarfen da ya cinye kuɗin tsufansu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To, Allah shi kawo muna mai ƙahwar da za ta shiga." Ta koma ciki, kuma har aka yi girbi ba ta sa masa nama a miya ba.

Ƙarafan suka zauna a bayan gida shekara da shekaru. Inna na shanya kuɓewa a kai, 'yan gwangwan na zuwa taya, Kawu na raka su da guduma har bakin titi.

Ni kuwa ranar aurena na biya nawa. Za a ɗauko amarya Hadiza daga Argungu a kawo ta Badariya. Bayan la'asar motoci suka jeru, an riga an sa ta a mota lulluɓe, mata na guɗa. Ni ango bai kamata a gan ni a wurin ba, ina laɓe a zauren wani abokina ina leƙe. Sai na hango Kawu ya taho yana bin motocin, yana ƙwanƙwasa tayoyi. Ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu. Da ya zo motar amarya ya buga, ya karkata kai, ya sake bugawa. Sai ya zagaya ya tsaya a gabanta, ya kafa gudumar a ƙasa.

"Motag ga ba ta tashi."

Direban ya rantse jiya ya karɓo ta daga wurin makaniki. Kawu ko kallonsa bai yi ba. Guɗa ta tsaya. Baffan amarya, Alhaji Dikko, mutum ne mai saurin fushi, kuma tun farko bai so a ba mai walda 'yarsu ba. Ya matso yana gyara babbar riga.

Ya ce, "Labbo, ɗiya munka ba ku, ba tarago ba. In ba ku shirya ba, mu mai da ta ɗakin uwatta."

Ban san lokacin da na fito daga zauren ba, ko hula babu. Na durƙusa na ce, "Kawu, don girman Allah."

Ya ce, "Kai yi shiru, mai liƙe-liƙe. In taya ta hita bakin Ambursa, da wuta za ka liƙe matarka?"

Aka kawo sifana. Direba ya gwada kowane noti a gaban jama'a, babu wanda ya motsa, duk a ɗaure suke tam. Mutane suka fara gunaguni. Alhaji Dikko ya kama marfin mota ya buɗe, ya ce wa matan su fito da ita. Kawu ya karɓi sifanar, ya zura mata guntun bututu don ta yi tsawo, ya ɗora a kan noti ɗaya, ya taka da ƙafa, ya hau da dukan nauyinsa. Sai muka ji ƙas. Kusar ta karye, notin ya gangara ƙarƙashin mota.

Kawu ya sunkuya ya ɗauko guntun, ya ɗaga sama don kowa ya gani. Ya ce, "Kun gani? Da ma ba ta da lahiya."

Na tabbata aure ya mutu a nan. Idon Alhaji Dikko ya yi ja, yana neman kalmar da zai fara da ita. Sai wata siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin lulluɓi: "Baffa, a sa ni ga wata mota, zahi nika ji." Amarya ta yi magana a bainar jama'a. Wata gwaggo ta fashe da dariya, sauran suka kama, Alhaji ya rasa inda zai sa fushinsa. A gaban akori-kurar da ta ɗauko kayan ɗaki aka kawo mini matata, gado da katifa na bayanta. Har yau ba mu daidaita a gidana ba. Ni na ce Kawu ne ya karya kusar nan da ƙarfin tsiya. Hadiza ta ce ranta ya ceta, kuma duk sallah ita ke fara kai masa tuwo.

Ƙarafan bayan gida kuwa ranarsu ta zo. A fadamar da Kawu ke noman shinkafa akwai wata ƙorama da ta raba gonaki da hanya. Da rani yaro ma yana tsallake ta, da damina sai ta zama abin tsoro. Shekarar da ta cinye jakin wani maƙwabcinsa da kayan da ke kansa, Kawu ya ce zai yi gada. Na ji daɗi, na ɗauko injin walda da janareto a mota tun daga Birnin Kebbi, kyauta, don in faranta masa. Ya dubi injin kamar na kawo masa mushe.

Ya ce, "Ƙarhe shina numfashi. Rana ta miƙe shi, sanyi shi tsuke shi. Riƙe shi aka yi, a bar mai wurin motsi. In ka liƙe shi da wuta, ran da yat tashi miƙewa sai shi tsage. Mai da abinka."

Kusoshi da notuna a wurin Sunday ya saya. Sunday Ibo ne mai shagon kayan ƙarfe a kasuwar Birnin Kebbi, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa Kabanci. Kawu ya zauna a shagon tun hantsi, yana jefa noti ɗaya-ɗaya a kan siminti yana sauraren ƙararsa, wanda bai yi masa ba ya ture gefe. Da azahar ta yi Sunday ya ce, "Baba, noti kaka saye ko mata kaka zaɓe?" Kawu ya ce, "Da na zaɓi mata haka, da na huta." Daga ranar suka zama abokai, irin abokan da ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba.

Gadar ta tsaya: ƙafafu na guntayen dogo a cikin siminti, dogo biyu a miƙe, silifa a gicciye, kilif na riƙe da su, katako a sama. Mutane suka yi ta bi suna sa albarka.

Bayan 'yan shekaru aka yi wata damina da gulbi ya taso da wuri. Labari ya zo cewa ruwa na tafe, kowa ya ruga fadama yana yanke shinkafa ko ba ta gama nuna ba. Na je taya Kawu. Kafin rana ta take, ƙoramar ta cika ta fara lasar katakon gada, kuma ruwa ya zagayo ta bayan gonakin, ya toshe ɗaya hanyar. Gadar nan kaɗai ta rage. Mutane suka taru a bakinta da dammuna a ka, mata da goyo, jakuna da kaya.

Kawu ne a gaba. Ya ƙwanƙwasa dogon, ya saurara. Na ga fuskarsa ta canja. Ya gicciya gudumar a bakin gada.

"Ba mai hawa. Ruwa ya girgiza ta, kilif sun saki."

Aka yi ca a kansa. Ruwan da ke bayanmu ya riga ya kai idon sawu, kana jin sanyinsa yana hawa. Wani ƙato mai suna Mamman, da 'yarsa a wuya, ya ture mutane ya zo ya ce, "Tsoho, kauce. Ba mu mutuwa nan don haukarka."

Kawu ya ce, "Ka taka ta, duk su biyo ka, ta buɗe da ɗiyan mutane a kai. Jira, Mamman."

Bai tsaya jin amsa ba. Ya zaro sifana daga aljihu, ya durƙusa ya hau gadar da rarrafe. Dattijo mai furfura, gwiwa duk ciwo. Na ajiye damina na bi shi, na damƙe bayan rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe dogo. Ruwan jawur ne, yana tafe da ciyawa da karare, har da mushen akuya. Gadar na rawa a ƙarƙashina kamar mai zazzaɓi. Kawu ba ya ganin notunan, sun nutse. Da yatsa yake lalubo su, ya ɗora sifana, ya ja, ya matsa gaba. In ya ja sai in ji ƙashin bayansa yana motsi a hannuna. A baya ina jin kukan yara da muryar wata mata tana ta salati.

Mun kai tsakiya sai wani ya yi ihu. Na ɗaga kai na ga kututturen itace, babba, yana tahowa a gicciye. Na ce, "Kawu, mu koma."

Ya ce, "Saura wanga."

"Kawu, icce na tahe."

"Na gani. Riƙe ni."

Ya ja notin, ya sake ja. Na rufe ido na kwanta a kansa. Kututturen ya daki gadar, na ji bugun har cikin haƙorana. Ƙarfe ya yi wani irin kuka, gadar ta karkata kaɗan, ta dawo. Itacen ya yi birgima ya nutse ta ƙarƙashinmu ya ɓulla can gaba. Kawu ya tofar da ruwan da ya shiga bakinsa, ya ƙarasa sauran kamar ba abin da ya faru. Da muka kai ƙarshe ya miƙe da ƙyar ya ɗaga hannu.

"A wuce ɗai-ɗai. Masu goyo gaba, jakuna baya."

Kowa ya ƙetare, ruwa na dukan ƙwauri. Mamman da ya zo wucewa bai iya haɗa ido da shi ba, sai ya sauke 'yarsa ya ce ta gaida Baba.

Da ruwa ya janye muka koma duba ɓarna. Gadar na nan tsaye, ko kilif ɗaya bai fita ba. Amma ruwa ya cinye gaɓar nan da ta can, ƙoramar ta yi faɗi, gadar ta rage a tsakiya ita kaɗai, ba ta taɓa ko'ina. Wani ya ce, "Heluma, gadarka ba ta kai kowa ko'ina yanzu." Kawu ya dube ta cike da alfahari ya ce, "Ba ni niɗ ɗaure gaɓa ba."

Abin da ya fi tsorata ni kuwa a ƙofar shagona ya faru, lokacin ya tsufa sosai, yanar ido ta rufe masa gani. Na ɗauko shi Birnin Kebbi don a duba idon, yana wuni a benci a shagona yana kushe aikina da kunne. Kusa da mu akwai wani fili da wani baƙo ya kama yana sayen tsofaffin ƙarafa. Ba mu san asalinsa ba, Manaja kawai ake ce masa. Ranar da safe wata babbar mota lulluɓe da tamfol tana tsaye a filin, ana ƙara mata buhuna. Buhu ɗaya ya fashe, abin ciki ya zube a ƙasa.

Kawu ya ɗaga kai. Ya ce, "Bashiru, kilif na."

Da na ji sunana na gaskiya na san ba lafiya. Ya miƙe ya nufi filin yana lalube, na bi shi. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya shafa, ya kai hanci. Ya ce na gwanjo tsatsa ke cinye shi ko'ina. Wannan kuwa inda ya danne dogo yana santsi, ga maiƙo a zaren kusar. Ya ɗaga gefen tamfol ya shafa, dogo ne an yayyanka gunduwa-gunduwa.

Ya ce, "Kwanan nan anka kwance su. Akwai layin da ad buɗe yanzu haka, kuma mai jirgi bai sani ba."

Sai ya zagaya gaban motar ya zauna a ƙasa, daidai taya, ya miƙe ƙafafu.

Manaja ya fito yana murmushi, samari na biye da shi. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da adda, yana kaɗa ta a gefen ƙafarsa. Manaja ya ce, "Baba, rana na da zahi. Tashi ga na goro."

Kawu ya ce, "Ina kunka kwance su? Shi kaɗai nika tambaya. Gaya min wurin in tashi."

"Kayan gwanjo na."

"Na sayi gwanjo tun ba a haihe ka ba. Ina kunka kwance su?"

Murmushin ya ɓace. Manaja ya dube ni ya ce in ɗauke tsohona in ina son shagona ya kwana lafiya. Na sunkuya na kama hannun Kawu, ya fizge. Na san ko na ɗauke shi cak, da rarrafe zai dawo. Na tsaya a gefensa don ban san abin da zan yi ba. Manaja ya yi wa direba alama. Injin ya tashi, ƙasa ta ɗauki rawa, zafin injin na dukan fuskokinmu.

Daidai nan Sunday ya shigo a kan babur, ya kawo mini wayar walda da na yi oda. Ya dubi Kawu a ƙasa, ya dubi addar, ya dubi motar. Bai tambayi kowa komai ba. Ya gicciya babur ɗin a bakin filin, ya zare makulli, ya zo ya zauna kusa da Kawu da farar rigarsa, ya ciro waya ya fara kira. Mai addar ya matso har inuwarsa ta rufe su. Sunday ya ce, "Ɗan'uwa, ka san ni, na san uwarka, gaban shagona taka sai da ƙosai. Aje abin ga." Yaron ya tsaya, bai ajiye ba, bai kuma ƙara matsowa ba.

Motar ta gusa. Ta sake gusawa. Ƙarfen gabanta ya taɓa hular Kawu, hular ta faɗi a cinyarsa. Bai motsa ba, bakinsa kawai ke motsi. Mutanen layinmu sun fara taruwa, makanikai da mai shayi da masu faci, amma kowa ya tsaya nesa saboda addar. Manaja na dukan ƙofar mota yana cewa a taka.

Sai injin ya mutu. Direban ya leƙo, gumi ya jiƙe shi sharkaf, ya wurgo makullin cikin jama'a. Ya ce, "Ni kaya anka ce in ɗauka. Ba ni taka tsoho."

Jama'a suka rufo. Kafin 'yan sanda su iso Manaja ya tsallake katangar baya, samarinsa suka watse, addar na yashe a ƙasa. Direban ne ya faɗi wurin da aka yi lodi, wani reshen layi can gabas. Kawu bai yarda ya sha ko ruwa ba sai da na nemo lambar wani tsohon abokin aikinsa, na sa masa wayar a kunne. Ya yi bayani yana haki, ya ce a tsai da jirgi, a tura mutane. Muna jin muryar mutumin daga wayar. Ya ce, "Labbo, wannan reshen ai jirgi ya yi shekaru bai bi shi ba. Ciyawa ta rufe shi, awaki ke kiwo a kai."

Sunday ya dafe kai ya ce, "Baba, saura kaɗan mu mutu don awaki."

Kawu bai yi dariya ba. Ya riƙe wayar da hannu biyu ya ce wa abokinsa, "To, ran da yat tashi biyowa hwa? Ku dai je ku diba." Sai da mutumin ya yi alkawari ya miƙo mini wayar. Sannan ya juya wajen Sunday ya ce, "Kai kuma wa yak kira ka?" Sunday ya ce, "In sun taka ka, wa za shi riƙa zagin kayana?"

Bai daɗe bayan wannan ba jiki ya ƙi. Muka mai da shi Argungu, ɗakinsa. Wata ranar Alhamis da yamma ina zaune a bakin gado, Inna Ige na yi masa fifita, sai ya lalubo hannunta. Ban taɓa ganin ya yi haka ba, na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ige, na wahalshe ki."

Ta ce, "Awo."

Ya ce, "Ko don kunyar yaron ga ba ki cewa a'a?"

Ta ce, "Malam, shekara nawa kana hana ni in ce abu ya yi alhali bai yi ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni ma na yi. Da na ɗaga kai na ga Inna ta juya fuska wajen bango, mayafinta na rawa, hannunta na cikin nasa ba ta zare ba. Can ta ce, a hankali, "Na yahe maka duniya da lahira. Kai ma ka yahe min naman miya." Ya ce ya yafe, amma ya lura.

Washegari bayan an sauko daga masallaci ya cika. Mutanen fadama suka zo da ƙafafunsu duk taɓo, Mamman na cikin masu ɗaukar makara. Sunday ya rufe shago ya biyo mu har bakin maƙabarta, ya tsaya a rana har muka fito.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa zafin baki, ya duba tsoron da ya riƙa ji saboda rayukan mutanen da bai sani ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya tabbatar da dugadugansa ranar ƙetare siraɗi, ya ba Inna Ige haƙurin zama babu mai yi mata gardama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.